Ƙwan da Aka Ajiye wa Hankaka

Talata Mafara

Ranar Laraba, ina dawowa daga sallar asuba, na tarar da Gwaggo Hajo a zaure ta riga ni shiri. Ta ɗaura zanenta na zuwa biki, ta ɗora ƙullin goro a ka, ga ledar hoce, gasasshiyar wainar dawa ta guzuri, a hannu. Ni da na tsara tafiyata ni kaɗai! Na ce, "Gwaggo, ina zuwa haka da duhu?"

Ta ce, "Inda za ka. Wuce mu tahi, rana na yi."

Bari in faɗi abin da ya fitar da mu. Maiɗakina Rabi ta sauka ranar Lahadi, an sami 'ya mace, haihuwar fari, tana can gidan iyayenta tana wanka. Dole in kai goro Birnin Tudu wajen Baffa Mamman, ƙanen mahaifina marigayi, wanda zai raɗa suna, in kuma kai Tsibiri wajen mahaifiyata, Inna Kulu. Waya tana kaiwa, amma a danginmu wanda aka gaya wa haihuwa ta waya ba ya zuwa suna, sai ya aiko da gaisuwa shi ma ta waya.

Sunan kuwa shi ne rigimar. Ni Hajara nake so, sunan Gwaggo. Yayar mahaifina ce, Allah bai ba ta haihuwa ba. Wajenta aka kawo ni yaye, da cewa in na manta nono za a zo a ɗauke ni, ga ni yau da gemu ina koyar da kimiyya a sakandare, har yanzu ina gidan. Mutanen unguwa suka yanke cewa ita ta hana a mai da ni, suka laƙa mata Hankaka, tunda kowa ya taso yana jin cewa hankaka ba ya ƙyanƙyasar nasa, ɗan wani tsuntsu yake ɗaukowa ya rene shi har ya zama nasa. In an kira ta haka dariya take yi. Amma ni da nake gida ɗaya da ita na san dariyar a baki ta tsaya.

Da na gaya mata niyyata sai ta ajiye muciya ta dube ni. "Bello, in ka hwaɗi wagga magana ga wani, na bar maka gidan. Na ɗauke wa Kulu ɗa, in koma in ɗauke mata suna? Ɗiyar hwari sunan uwarka za ta ci." Ka ji dalilin bin nan da ta yi mini: gadi ta zo yi, kada in riga ta kai wa Baffa magana.

A tasha ta shige gaban mota ta zauna kafin direba ya buɗe baki. Yaron mota ya so ya jefa ƙullin goron a but tare da buhun taki, ta ce ya gwada ya gani. Muka bar gari gabas ta fara ja. A shingen farko wani jami'in tsaro ya leƙo ya tambayi abin da ke cikin ƙullin, ta kwance ta miƙa masa fari guda, ta ce, "Jika na samu, ɗana. Yi mata addu'a." Ya yi kuwa, har da shafawa, ya ɗaga mana ƙarfe.

Bakura zuwa Birnin Tudu

A Bakura muka karya da kunu da ƙosai a bakin tasha. Gwaggo ta ce ƙosan ya sha ruwa, amma ta cinye nata ta taya ni nawa. Daga nan sai kabu-kabu. Ta ja wa mai mashin kunne cewa in ya kayar da ita shi zai aure ta, shi kuwa ya ce ai da gangan zai kayar. Gonaki duk an share an zuba taki, ana jiran sama. Zafi tun da hantsi ya fara gasa mu, amma shamuwa sun riga sun sauka a kan itatuwa, ko ina ka waiga maganar ruwa ake yi.

Mun sami Baffa Mamman a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Yana hango mu ya washe baki. "A'a! Maraba da Hankaka da ɗan tsintuwa!"

"Mamman, ka yi furfura ba ka yi hankali ba," in ji Gwaggo.

Aka yi gaisuwa mai tsawo, lahiyar gida, lahiyar mai jego, zafi, gajiya, har da akuyar da ta ɓata bara. Da aka kawo fura na ajiye goro na kawo maganar suna. Ban rufe baki ba Gwaggo ta kawo tata. Baffa ya dube ni ya dube ta, ya ce, "Ni abin da kunka shirya shi zan hwaɗi gaban malamai. Amma ba ni raɗa ma jinjira suna biyu. Ku ƙare ta tsakaninku kahin Lahadi." Raina ya ɓaci, don na ɗauka zai goya mini baya.

Bayan la'asar muna zaune sai hayaniyar hankaki ta cika bayan gida. Akwai kukoki tsofaffi a can, kuma kowace bazara hankaki na yin sheƙa a kansu. Baffa ya leƙa ya dawo yana murna kamar ya tsinci abu. "Yaya, taho ki ga aikin danginki!"

Muka fita. A kan reshen wani gawo ga wani ɗan tsuntsu a zaune, ya buɗe baki yana tsala kuka. Kansa baƙi, wuyansa ruwan madara, bayansa da ɗigo-ɗigon fari, fiffikensa da ja-ja, ga wutsiya doguwa. Ko makaho ya shafa ya san wannan ba hankaka ba ne. Sai ga hankaka ƙato da farin ƙirjinsa ya sauka, ya cusa masa abinci a baki, ya tashi neman wani.

"To, Malam mai kimiyya," in ji Baffa, "ga sata da rana tsaka. Mi za ka ce?"

Gwaggo ta gyara mayafi. Ni kuwa sai na tuna wani abu da na karanta a kwaleji ban taɓa gani da ido ba. Na ce musu akwai wata tsuntsuwa da Turawa ke kira kuku, don da wannan sautin kukan namijin yake fita. A ƙasarsu jin kukan nan shi ne alamar sanyi ya wuce, kamar yadda mu muke duban shamuwa. In sanyinsu ya kama takan ƙetaro zuwa nahiyarmu, ta ratsa shiru ba mai jin ta. Ba ta gina sheƙa. Sai ta faki idon wani tsuntsu ta saka ƙwanta a cikin nasa, ta yi gaba. Kuma tana da dangi a nan ƙasar, cikinsu akwai mai ɗigo-ɗigo da tukku, wadda ta fi son sheƙar hankaka.

"Mai tukku? Mai surutun tsiya?" in ji Baffa. "Wagga ai na san ta. Maci-gizaka nike ce mata, don ita kaɗai ka cin gizaka, tsutsar nan mai gashi, ba ta jin ƙaiƙayi. In ta zaka mu kan ce ruwa ya kusa. Amma ka ce ita ka yi ma hankaka wayo? Hankaka fa! Kai, boko bai bar komi ba."

Muka yi ta musu har aka kira magariba. Gwaggo ce ta raba mu. Ta ce, "Ni ban yarda da littahi ba, ban yarda da Mamman ba. Gobe in gani da idona."

Alhamis, gindin gawo

Na so mu kama hanya da sassafe, don hanyar Maradun ba a son a yi yamma a kanta. Ina! Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a gindin gawo, ta kafa wa wata kuka ido, inda wani hankaka ke kwance kan sheƙa, abokinsa na gadi a reshe. Na ce mata abin nan ba a sa masa rana, mutum zai iya wata yana jira. Ta ce in tafi in ina sauri. Na zauna ina cin hoce ina ƙunƙuni, ina duban rana tana hawa.

Hantsi ya ɗaga sosai, har na fara gyangyaɗi, sai ta mintsine ni. Tsuntsaye biyu masu tukku sun sauka a kan gawon da muke ƙarƙashinsa. Ɗaya ya tashi ya je gaban sheƙar ƙiri-ƙiri, yana ta ƙara yana kaɗa wutsiya, rashin kunya dai ƙarara. Hankakan gadi ya taso masa. Na kan ƙwai ma ya kasa haƙuri ya bi baya, suka raka shi har bayan gonar Baffa. Ɗayar kuwa, da ta lafe a cikin ganye ba ta ce uffan ba, sai ta yi sumul ta faɗa sheƙar. Kafin in laluba wayata ta fito ta yi arewa.

Gwaggo ta miƙe tsaye. "La'ilaha illallahu! Bello, hau ka gano mani!"

Ni da rabona da hawan itace tun ina firamare. Allah ya taimake ni kukar tana da turakun masu ɗibar ganye. Na naɗe wando na kama hawa, Baffa na ƙasa yana ba ni umarni iri-iri da ba wanda ya yi amfani. Na leƙa sheƙar: ga ƙwai manya masu ruwan shuɗi-shuɗi da dabbare, ga kuma guda ƙarami a gefe, launinsa kusan irin nasu. Na ɗauki hoto. Ai kuwa masu gida suka dawo! Ɗaya ya kai wa hulata bugu ta yi ƙasa, ɗayan ya nemi ƙeyata. Yadda na sauko ba zan rubuta ba, saboda ɗalibaina suna karatu. Ina dira hankakan ya koma ya kwanta a kan ƙwan duka, ya gyara zama, bai san an ƙara masa ba.

Gwaggo ta daɗe tana duban hoton. Sai ta juya ga Baffa a fusace. "Ajiye mishi anka yi, Mamman. Ajiye mishi anka yi! Bawan Allah shina zaune gidanai, an kawo mishi, ya ci da shi, ya yi wahala, kuma shi a ɓarawo? Tun kakanninmu ana zagin shi!"

Baffa ya sosa ƙeya, ya ɗauko hulata ya kaɗe mini. Bai ƙara kiran ta da sunan nan ba har muka tafi. Na ga dama ta samu, na ce, "To Gwaggo, maganar suna fa?" Ta harare ni. "Tsuntsu daban, mutum daban. Ɗauko goro mu tahi."

Hanyar Maradun

Sai da muka koma ta Mafara kafin mu ɗauki hanyar Maradun. Na roƙa mu biya in leƙa jaririya, Gwaggo ta ce jaririya ba ta zuwa ko'ina. Direban da muka samu dattijo ne, ya ce duk mai sayen wani abu ya saya yanzu, shi ba ya tsayawa a daji. Muka bi gefen hanyoyin ruwan Bakolori, shinkafa kore shar a tsakiyar ƙasar da ta bushe, mata na ɗaga tiren soyayyen kifi da dafaffen dankali a duk inda mota ta rage gudu.

Kafin mu wuce shinge na biyu duk motar ta san labarin hankaka. Gwaggo ce ke bayarwa, kuma a bakinta tsuntsun mai tukku har gwalo ya yi. Wani mai sayar da albasa ya rantse ƙarya ne, kakansa ya ga hankaka ɗauke da ɗan tsako. Direba ya ce wannan ai ci zai yi, ba reno ba. Wayata ta zaga hannu-hannu har ta dawo da man kifi a fuska. A Maradun muka yi azahar, muka ci tuwon dawa a wata rumfa, muka hau kabu-kabu zuwa Tsibiri rana na da sauran ƙarfi.

Tsibiri

Inna Kulu ta koma garinsu tun bayan rasuwar mahaifina. Mace ce mai shiru. Ba ta kiran sunana, ba ta dubana ido da ido, "yaron ga" take cewa ko ina gabanta. Ta tarbi Gwaggo da "Maraba da Yaya", ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ni kuwa ta tura mini kwanon ruwa ba ta ɗago ba. Da aka gama gaisuwa Gwaggo ta kwance goro ta ce, "Kulu, kin yi takwara. Hauwa'u za a sa." Na buɗe baki, ta ɗaga mini yatsa. Inna ta ce Allah ya raya, ta tashi ta shiga madafa. Na zauna na yi tagumi, na ce shi ke nan, an gama da ni.

Ana cin abinci kafin magariba Gwaggo ta sake ɗauko labarin, don yanzu ba ta iya zama da mutum ba ta ba shi ba. Ta yi kukan mai tukku, ta yi faɗuwar hulata. Inna ba ta yi dariya ba. Ta goge hannu ta ce a ba ta hoton. Ta daɗe tana duban ƙaramin ƙwan nan, sannan ta yi tambaya, fuskarta wajen bango, amma da ni take.

"Ita uwar, tana komowa ta duba shi?"

Na ce a abin da na karanta, ba ta komowa.

"To ni na ɗara ta," in ji Inna. "Ni ina leƙowa."

Gwaggo ta tsaya da loma a hannu.

"Yaya, kin san ukku na binne kahin yaron ga, ba wanda ya kai yaye. Da shi ya kai, na ce hannuna na ba ya riƙe ɗa. Ranar da anka ce in je in ɗauko shi, na zaka har ƙohwar gidanki, ranar kasuwa ta. Na ji shi shina dariya, na leƙa na gane shi goye ga bayanki, ya yi kumatu, kina daka kina mishi waƙa. Na ce in na ɗauke shi nan, rami zan kai shi. Na juya. Talata nawa na zaka kasuwa ba ni da abin saye, in tsaya bayan masu tukwane in hango shi gindin tallan daddawarki, in koma. In an tambaye ni sai in yi shiru, ina tsoron in ce nawa na da bakina mutuwa ta ji ta ɗauke shi. Na ji sunan da anka sa maki. Na sani sarai ba ki hana ba, ba a zo ba na. Na bar ki da shi shekara da shekaru. Yaya, ki gahwarta mani."

Ni wallahi hawaye ne suka zubo mini, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Tausayinsu su biyun ya kama ni, ban san wadda na fi ji wa ba.

Gwaggo ta ajiye lomar. "Ni kau, Kulu, duk sallamar da na ji ga ƙohwa sai gabana ya hwaɗi, in ce ga ta nan ta zaka. Kullum roƙona ga Allah kar ki zo. Shi ya sa da sunka ce mani Hankaka ban taɓa musu ba. Na ɗauka addu'ata ta ta hana ki." Ta share ido da bakin zane, ta ƙura wa Inna ido, sai ta tuntsire da dariya. "Ashe ke ta Maci-gizaka! Ga ki shiru-shiru, ki saka ƙwai ki yi arewa!"

Inna ma ta fashe, ta rufe fuska da mayafi. Suka yi ta yi, kuka da dariya a haɗe, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya. Da suka lafa Inna ta tura goron gaban Gwaggo. Ta ce, "In anka sa ma yarinyar ga Hauwa'u, ƙahwata ba ta taka wurin sunan. Wadda ta yi goyo ita ka cin suna." Sannan, a karo na farko a rayuwata, ta juyo ta dube ni sosai. "Ka ji ko, Bello?"

Na ce na ji, Inna.

Gwaggo ta yi ta ja, ta kawo wannan ta kawo wancan, ba wanda ya saurare ta. Daga ƙarshe ta ce to, amma ta biyu ta Kulu ce, kuma kada a daɗe.

Komawa gida

Ranar Juma'a da hantsi muka taso mu uku, Inna da ƙullin kayan barka, kuka da daddawa da ɗan zane. A mota su biyu suka matse a gaba, ni aka tura ni baya tare da buhun barkono, na yi ta atishawa har Mafara. Muna shiga gari hadari ya taso daga gabas, aka yi yayyafin farko, ƙasa ta yi ƙamshi. Mun iso lafiya, mun tarar da mai jego da jaririya lafiya. Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Baffa Mamman da ya ba mu masauki da kukarsa, da direbobi da masu kabu-kabu da suka yi haƙuri da bakin Gwaggo.

Ranar Lahadi Baffa ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya ce Hajara, har ƙarshen layi an ji. Mata suka rangaɗa guɗa a ciki. Da rana ana gyaran naman rago a tsakar gida, sai ga hankaka ya sauka a kan katanga yana karkata kai. Yara suka ruga neman tsakuwa. Wata tsohuwar maƙwabciya ta buɗe baki za ta yi tsokanar da ta saba, Inna Kulu ta dube ta, sai tsohuwar ta mai da bakinta ta rufe.

Gwaggo na zaune da takwararta a cinya. Ta miƙa hannu cikin tire ta zaɓi tsoka mai kyau, ba kitse ba, ba hanji ba, ta jefa gindin katangar.

Ta ce wa yaran, "Ku bar shi ya ɗauka. Kun san ɗan wa anka bar mishi gida?"